Daga Jan Raƙumi Zuwa Fentin Ruwa: Tarihin Albert Namatjira



Wata ranar Laraba da daddare ina gabatar da shirin tsofaffin waƙoƙi a gidan rediyon da nake aiki, sai na saka waƙar wani makaɗi da ya rasu tun ina yaro. Da na buɗe layin waya wata mata ta kira. Ta yi sallama, ta ce ita 'yarsa ce, ta yi godiya da muke tunawa da shi. Sannan ta ce, "Malam, kullum muna jin muryar Baba a rediyo da wayoyin mutane, amma ko dala ba ta taɓa shigowa gidanmu ba. Haka abin yake?" Na yi 'yan kame-kame, na sa talla.

Tambayar nan ta hana ni sakat. Na shiga bincike don in haɗa shiri a kan haƙƙin mallakar masu fasaha, kuma a cikin binciken ne na ci karo da labarin wani mai zane na ƙasar Ostireliya, Albert Namatjira. Bai taɓa riƙe kalangu ba, kuma tsakaninmu da ƙasarsa akwai teku, amma na ji amsar da na kasa ba matar nan tana cikin tarihinsa. Shi ya sa na kawo muku shi.

Mene ne fentin ruwa?

Kafin mu shiga labarin, bari in faɗi irin sana'ar tasa. Fentin ruwa garin launi ne da ake kwaɓawa da ƙaro, a busar da shi, in za a yi aiki a jiƙa burushi da ruwa a ɗebo a shafa a farar takarda mai kauri. Ƙaron nan kuwa shi ne wanda muka sani, na bishiyar dakwara, wanda almajirai ke sa wa tawada don ta kama allo. Mafi yawan wanda duniya ke amfani da shi daga yankinmu na Sahel yake fita, musamman Sudan da Chadi da Najeriya.

Wahalar wannan fenti ita ce ba ya rufe kuskure. Mai fentin mai in ya ɓata wuri sai ya shafe da wani launi ya sake. Fentin ruwa kuwa shara-shara ne, abin da ke ƙasa yana lekowa. Farin da ka gani a zanen, farin takardar ne da mai zane ya bari bai taɓa ba. Don haka dole ya san inda haske zai zauna tun kafin ya ɗiga ruwa, ya fara da launi mai haske ya bi da mai duhu. A ƙasa mai zafi da bushewa kuma ruwan na bushewa nan da nan, babu lokacin shawara. Ku riƙe wannan a rai, domin a tsakiyar hamada Namatjira ya koyi aikin.

Tasowarsa

An haife shi ranar 28 ga Yuli, 1902, a yankin Hermannsburg, wata tashar mishan da Jamusawa 'yan cocin Lutheran suka kafa a 1877, kimanin kilomita 125 yamma da garin Alice Springs, a tsakiyar Ostireliya. Mutanensa su ne Arrernte ta Yamma, ɗaya daga cikin al'ummun Aborijin, wato 'yan asalin ƙasar da suka yi dubban shekaru a can kafin zuwan Turawa. Su suna kiran wurin Ntaria. Sunansa na yanka Elea. Da iyayensa suka shiga Kiristanci a 1905 aka yi masa baftisma aka sa masa Albert. Namatjira kuwa sunan mahaifinsa ne, ma'anarsa gara mai fiffike.

Ya yi karatu a makarantar mishan, amma da ya kai shekara 13 dattawan ƙabilarsa suka tafi da shi daji na wasu watanni, suka yi masa horon shiga sahun manya, suka nuna masa ƙasar kakanninsa da dokokinta. Da ilimin nan biyu ya rayu har ya mutu.

Yana ɗan shekara 18 ya gudu da wata yarinya mai suna Ilkalita, wadda al'adar aurensu ba ta halatta masa ba. Suka yi 'yan shekaru a waje kafin su dawo mishan, inda aka yi mata baftisma da sunan Rubina. A cikin shekarun ƙuruciyarsa ya yi ƙira, ya yi kafinta, ya yi kiwon shanu, ya kuma yi jan raƙuma. A wancan zamani raƙuma ne ke dakon kaya a hamadar Ostireliya, kuma masu su galibi Musulmi ne da aka kawo daga Afganistan da yankunan da ke Pakistan a yau, waɗanda suka gina masallatan farko a ƙasar. Tare da irin waɗannan ayari ya zaga ƙasa, ya san kowane dutse da kwazazzabo.

A ƙarshen shekarun 1920 aka yi mummunan fari. Yara da yawa suka mutu a mishan saboda ciwon da rashin ɗanyen ganye da 'ya'yan itace ke kawowa. Faston wurin, F. W. Albrecht, ya nemi hanyar da mutane za su samu ɗan kuɗi, ya ƙarfafa musu sana'ar hannu don sayar wa baƙi. Albert ya ƙware wajen ƙona zane a jikin itace da jan ƙarfe, kamar yadda masu zanen ƙwarya ke yi a wajenmu. Ke nan hannunsa ya riga ya faɗa kafin ya taɓa burushi.

Wata biyu da malami

Malamin nasa shi ne Rex Battarbee, Bature ɗan jihar Victoria, haifaffen 1893. Soja ne a Yaƙin Duniya na Ɗaya, an ji masa munanan raunuka a Bullecourt ta Faransa a 1917. Raunukan suka hana shi komawa aikin gona, sai ya koyi zane. A 1934 shi da abokinsa John Gardner suka baje zanukansu na duwatsun yankin a Hermannsburg. Mutanen Arrernte suka yi ta zuwa kallo, suna ganin ƙasarsu a takarda. Albert na cikinsu, kuma ya fito da niyyar shi ma zai iya.

Da Battarbee ya dawo a 1936, Albert ya kawo masa ciniki: zai ja masa raƙuma ya nuna masa wurare, shi kuma ya koya masa fenti. Suka yi kimanin wata biyu suna zagaya Palm Valley da tsaunukan MacDonnell. Iyakar karatun zanen da ya yi a hannun malami ke nan.

Ni a ganina cinikin nan ya fi yadda ake yawan ba da shi. Akan ce Bature ya koya wa baƙin mutum zane. Gaskiya ne, amma wa ya san inda ruwa yake? Wa ya san lokacin da rana ke mai da jan dutse shuɗi-shuɗi? Ɗaya ya zo da burushi, ɗaya ya zo da ƙasa, kowa ya ƙaru da ɗan'uwansa. Battarbee bai ɓoye cewa ɗalibin nasa ya ba shi mamaki ba, daga baya ma ya tare a Alice Springs, ya zauna cikin harkar masu zanen Arrernte har ya rasu a 1973.

A 1937 aka fara nuna wasu daga cikin zanukan Albert a Kudancin Ostireliya. A 1938 aka yi masa baje koli nasa shi kaɗai a Melbourne, zane 41, kuma cikin kwana uku aka saye su kaf. A lokacin ne ya fara haɗa sunan mahaifinsa da nasa wajen sa hannu. A 1939 gidan adana zane-zane na gwamnati da ke Adelaide ya sayi zanensa na dutsen Haasts Bluff.

Abin da yake zanawa ƙasarsa ce: Dutsen Sonder, mashigin Glen Helen, busasshen kogin Finke, jajayen duwatsu a nesa, sai wata bishiya mai farin jiki fat a gaba. Bishiyar dangin bishiyar turare ce, wadda ake dasawa a bakin titunanmu, ita ma asalinta daga can ne. Farin jikin nata shi ne farin takardar da na ambata ɗazu. Ya bar zane kusan 2,000.

Suna ya kai ko'ina, mai sunan bai da wurin kwana

Daga nan ɗaukaka ta zo. A 1944 sunansa ya shiga kundin fitattun mutanen Ostireliya. A 1953 aka ba shi lambar naɗin Sarauniya Elizabeth ta Biyu, a 1954 aka kai shi Canberra ya gaisa da ita. A 1956 hotonsa da William Dargie ya zana ya ci Kyautar Archibald, babbar kyautar zanen fuska ta ƙasar. Kwafin zanukansa suka cika falon gidaje da azuzuwan makarantu da kalandu.

To amma ga yadda rayuwarsa take a gida. A dokar wancan lokaci ɗan Aborijin ba cikakken ɗan ƙasa ba ne, hukuma ce ke yanke masa inda zai zauna da abin da zai mallaka. Ana karɓar haraji daga kuɗin zanensa, amma ba shi da ƙuri'a. Wajen 1949 zuwa 1950 ya nemi filin kiwon shanu a ƙasar kakanninsa, aka hana shi. A 1951 ya so ya gina gida a Alice Springs, nan ma aka hana, domin garin haramtacce ne ga irinsa in dare ya yi. Mutumin da ya gaisa da Sarauniya ya ƙare a wani sansanin bukkoki a bayan gari da ake kira Morris Soak.

Kuɗin da yake samu kuma ba nasa ba ne shi kaɗai. A al'adar Arrernte abin da ɗaya ya samu na dangi ne, kuma ɗaruruwan mutane ne suka dogara da shi. Jaridun Turawa sun riƙa ɗaukar wannan a matsayin almubazzaranci. Mu kuwa ba sai an yi mana bayani ba. Duk wanda ya taɓa karɓar albashi a gidan da ya fi mutum ashirin ya san in dambu ya yi yawa ba ya jin mai, kuma ya san ba a rufe ƙofa a ci.

Masana zane ma ba su bar shi ba. Wasu suka ce kwaikwayon Turawa kawai yake yi, zanensa na masu yawon buɗe ido ne. Manyan gidajen adana zane da dama suka ƙi saye. An so ya bar hanyar kakanninsa ya zama kamar Bature, da ya ƙware a kayan aikin Bature kuma aka ce ai ba nasa ba ne.

Takardar da ta raba shi da 'ya'yansa

A 1957 hukumar Yankin Arewa, inda Alice Springs take, ta fitar da rajistar 'yan Aborijin fiye da 15,000 da ta mayar 'yan riƙon gwamnati, kamar marayun da ba su balaga ba. Aka tsame sunan Albert da Rubina, wanda hakan ya mai da su cikakkun 'yan ƙasa. Yanzu yana iya zaɓe, yana iya zama inda ya so, yana iya sayen giya. 'Ya'yansa da danginsa kuwa suna cikin rajista, kuma laifi ne a ba wanda ke cikinta giya.

Ku dubi tarkon. Al'adarsa ta ce abin da ke hannunka na 'yan'uwanka ne. Doka ta ce in ka ba su ka yi laifi. Ba ina wanke giya ba ne, ta yi ɓarna sosai a sansanin nan, har an kashe wata matashiya a can a 1958 bayan wata shaye-shaye, kuma aka ɗora wa Albert alhakin shigar giya wurin. Amma dokar da ta halatta wa uba abu ta haramta wa ɗansa saboda launin fata, ba tsoron Allah ne ya kafa ta ba.

A cikin shekarar aka gurfanar da shi bisa zargin ba ɗan'uwansa Henoch Raberaba, wanda shi ma mai zane ne, kwalbar giya. Aka yanke masa wata shida a gidan yari. Mutane suka yi ca a faɗin ƙasar. Da aka ɗaukaka ƙara aka rage zuwa wata uku, kotun ƙoli kuma ta ƙi soke hukuncin. Ministan da ke kula da yankin, Paul Hasluck, ya sa aka kai shi matsugunin Papunya ya yi zaman a can maimakon kurkuku. Bayan wata biyu aka sake shi, amma ya fito a karye, ba ya ko son ɗaukar burushi. Ranar 8 ga Agusta, 1959, ciwon zuciya ya yi ajalinsa a asibitin Alice Springs, yana da shekara 57.

Sai a 1962 aka ba 'yan Aborijin duka damar zaɓen tarayya, a 1967 kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ƙuri'a suka amince a riƙa ƙirga su cikin jama'ar ƙasa. A 1968 aka buga hotonsa a kan sarki. Bai ga ko ɗaya ba.

Gado biyu

Yanzu ga abin da ya kai ni ga labarin. Albert ya bar gado iri biyu, kuma kowanne da inda ya nufa.

Na farko shi ne haƙƙin buga zanukansa. A 1957 ya ƙulla yarjejeniya da John Brackenreg, mai kamfanin ɗab'i na Legend Press, kamfanin ya riƙa buga kwafi yana biyan kaso. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka ci gaba da karɓar ɗan abin da ke shigowa. A 1983 jami'in gwamnati mai kula da dukiyar mamata a Yankin Arewa ya sayar wa kamfanin haƙƙin gaba ɗaya a kan dalar Ostireliya 8,500, ba tare da shawarar iyalin ba. Daga ranar, shekara 34, jikokinsa ba su ga ko sisi ba daga zanen kakansu, yawancinsu kuma cikin talauci suke. Sai bayan doguwar fafutuka, da sa bakin attajiri Dick Smith, aka mayar da haƙƙin ga wata gidauniya ta iyalin a watan Oktoba na 2017, a kan dala 1.

Gado na biyu babu takardarsa. Albert bai buɗe makaranta ba, bai da allo bai da aji. Yadda aka koya masa haka ya koyar: in zai fita daji zane sai ya ɗebi 'ya'yansa da 'yan'uwansa, su zauna gefensa a ƙasa, su ga yadda yake jiƙa takarda, yadda yake barin fari, yadda yake jiran launi ya sha iska kafin ya ɗora wani. 'Ya'yansa maza biyar, Enos da Oscar da Ewald da Keith da Maurice, duk sun zama masu zane. Haka Walter Ebatarinja da matarsa Cordula, da 'yan gidan Pareroultja, waɗanda suka taso a inuwarsa da ta Battarbee. Kowannensu ya fitar da nasa salo. Su ne ake kira Makarantar Hermannsburg, kuma har yau jikoki da tattaɓa-kunne suna fentin ruwa a wata cibiyar fasaha tasu a Alice Springs mai suna Iltja Ntjarra, wato hannu da yawa.

A tafiye-tafiyen nan ba burushi kaɗai yake koyarwa ba. Wuraren da yake zanawa ƙasar mahaifinsa ce da ta mahaifiyarsa, kowane dutse da sunansa da labarinsa da wanda ke da hakkin kula da shi. Yaron da ya zauna yini guda yana kallon dutse ɗaya don ya zana shi, ya tashi ya san dutsen. Masana na baya sun gane haka. Da gidan adana zane-zane na ƙasa da ke Canberra ya yi masa babban baje koli a 2002, shekara 100 da haihuwarsa, ra'ayi ya riga ya juya: mutumin da aka hana fili a ƙasarsa yana ta rubuta shaidar mallakarta ne da launi, masu saye suna rataye ta a falo ba su sani ba.

Akwai abubuwa biyu da suka biyo baya da nake so ku sani. A Papunya, inda aka tsare shi, a nan ne a 1971 dattawan Aborijin, da ƙarfafawar wani malamin makaranta Geoffrey Bardon, suka fara zanen ɗige-ɗige da ya shahara a duniya yanzu. Sannan a 2020 tattaɓa-kunnensa Vincent Namatjira ya ci Kyautar Archibald, ɗan Aborijin na farko da ya ci ta. A 1956 Albert ne aka zaunar aka zana. Vincent kuwa a 1983 aka haife shi, shekarar da aka sayar da haƙƙin.

Komawa ga mai kiran waya

Na gabatar da wannan tarihi a shirina, kashi biyu. Matar nan ta sake kira. Na gaya mata gaskiya cewa ba ni da kuɗin da zan ba ta, kuma gidajen rediyo irin namu suna cikin masu cin gumin mahaifinta. Na ba ta shawara su haɗu da 'yan'uwanta su nemo duk wata takarda ko kaset na asali da ya bari, su je ofishin da ke kula da haƙƙin masu fasaha su yi rajista, kada kuma wani ya sa hannu a madadinsu ba su karanta ba. Iyalin Namatjira sun yi shekara 34 kafin su ga nasu, amma da sun yi shiru da har yau ba su gani ba.

Sai na tambaye ta ko akwai wanda ya koyi kiɗan a gidan. Ta yi shiru kaɗan, ta ce akwai wani ƙanenta da yake bin Baba wurin biki yana yaro, amma ya bari, yana tuƙa babur yanzu. Ta ce kayan kiɗan suna nan a rataye a ɗaki, fatar ta bushe.

Na roƙe ta ta turo min shi. Ya yi alkawarin zai zo ranar Laraba mai zuwa, in Allah ya kai mu, kuma na ce ya taho da kayan ko da fatar ta tsage, akwai mai gyara a kasuwa.